Ajin matanmu na yaƙi da jahilci: ta wace ƙofa ake samun tallafin gwamnati?

Malamar Zaure:

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa da kowa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar ilimin manya, musamman wanda ya taɓa aiki a ɓangaren gwamnati ko ya taɓa karɓar tallafinta hannu da hannu.

Ni malamar firamare ce, kuma ina da ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu. A zauren gidan surukina muke zama bayan la'asar, Litinin zuwa Alhamis. Mata 43 ne a rajistata, amma waɗanda ba sa fashi ba su fi 30 ba, in kuwa damina ta kankama ko ana biki a unguwa, sai ka ga rabin tabarma babu kowa. Akwai masu ƙuli-ƙuli, masu awara, masu kitso, masu ɗinkin hula, akwai zawarawa, akwai kuma 'yan mata biyar da aka cire daga makaranta tun suna aji uku ko huɗu aka ɗora musu talla. Babbar cikinsu ta haura shekara 60, ita ce kuma ke riga kowa zuwa ta share zauren.

Bari in ba ku labarin mutum ɗaya don ku san ba wasa muke yi ba. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da man gyaɗa, ɗanta yana aiki a Legas yana turo mata kuɗi. A da in za ta cire, sai ta miƙa wa yaron POS katinta, ta faɗa masa lambar sirri da baki jama'a na ji, abin da ya ce ya rage a asusu shi ke nan. Yanzu ita ke danna lambarta da kanta, ta karanta saƙon banki a wayarta kafin ta bar wurin. Bashin da take bin mutane kuwa, da layi take ja da gawayi a bayan ƙyauren ɗakinta, yau tana da littafi mai suna da rana da adadi. Rubutun a karkace yake, amma ba wanda ke iya musa mata.

Matsalarmu kuɗi. Ina da mataimaka biyu, 'yan mata da suka gama sakandare, ina ba kowace Naira 5,000 a wata. Rabi daga albashina, rabi daga Naira 100 da matan ke zubawa duk mako, wadda ita ma ba kowa ke iya bayarwa ba. Kun san yadda littafin rubutu da fensir suka yi tsada. Allonmu katako ne, in ya koɗe sai mu fasa tsohon batir mu shafa masa baƙin. Ɗaya daga cikin mataimakan ta faɗa mini gaskiya cewa an yi mata tayin aiki a wani shagon magani, kuma in ta tafi ban ga laifinta ba. Muna son fitilar sola don masu sana'ar yamma su riƙa zuwa bayan isha'i. Sai kuma tambayar da ba ta barin bakin matan: Malama, in mun gama wa zai ba mu satifiket?

Na taɓa kai takarda wani ofishi, aka karɓa aka ce za a neme ni, har yau shiru. Kwanan nan kuma wani ya turo mini saƙo ta WhatsApp wai gwamnatin tarayya na raba Naira miliyan biyu ga kowace cibiyar yaƙi da jahilci, in biya Naira 15,000 kuɗin fom. Ban biya ba, don hankalina bai kwanta ba.

Don Allah, shin akwai tallafi na gaskiya da gwamnati ke ba aji irin namu? In akwai, ta ina ake shiga? Wasu sun ce sai mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kafin a ko kalle mu. Kuma kuɗin nan na UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, da muke ji a rediyo ana cewa biliyoyi na jibge jihohi ba su ɗauka ba, mu ba mu da rabo a ciki ne?

Tsohon Jami'i:

Wa alaikumus salam. Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri, ya saka wa mai zauren. Na yi aikin ilimin manya har na yi ritaya, tun ina mai duba ajujuwa a ƙauyuka a kan babur har na zauna a hedikwatar jiha. Zan faɗa miki yadda abin yake ba kwana-kwana.

Ki cire rai da cewa akwai wata taga da ake cike fom a tura wa ajin unguwa kuɗi a asusu. A tsawon aikina ban ga an yi haka a matsayin tsari na dindindin ba. Tallafin gwamnati ga aji irin naki da kaya da mutane yake zuwa: a saka cibiyarki cikin jerin cibiyoyin jiha, a ba ki manhaja da littattafan koyo, a horar da malamanki, mai duba aiki ya riƙa leƙowa, a yi wa ɗalibai jarrabawa a ba su takardar shaida. In an yi sa'a, a ɗauki malami ɗaya ko biyu a riƙa biyansu alawus. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuya, shi ne kuma ainihin abin da ajinki ke buƙata.

A Abuja akwai NMEC, hukumar yaƙi da jahilci da ilimin manya ta ƙasa, da aka kafa a 1990. Aikinta tsara manufa da manhaja, buga littattafai, horarwa da sa ido. Ba ita ke riƙe da ajujuwa ba. Jihohi ne ke da nasu hukumomin ilimin manya, wasu na kiransu hukumar yaƙi da jahilci. Kano ce ta fara kafa irinta a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kuma aikin da ta yi a shekarun nan ya kai har UNESCO ta karrama ta. A ƙarƙashin hukumar jiha akwai jami'i mai kula da ƙaramar hukumarku. Shi ne ƙofarki. Mutane da yawa suna tsallake shi su kai takarda babban ofishi, takardar ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, ƙarshe a aiko a tambaye shi ko ya san ajin, ya ce bai taɓa ji ba. Ki neme shi, ki gayyato shi zauren nan ranar da mata suka cika, ya zauna ya ga mai man gyaɗa ta karanta saƙon banki da idonsa. Rahoton da zai rubuta ya fi duk wasiƙar da za ki rubuta da kanki nauyi.

Kafin ya zo ki gyara takardunki. Rajistar halarta ta kullum nake nufi, ba wadda aka zauna aka cike rana ɗaya da biro ɗaya ba, domin mu da muka yi aikin dubawa muna ganewa. Sunan kowace ɗaliba, shekarunta, sana'arta, da matakin da take ranar da ta shigo. Ki ajiye shafin farko na littafin kowace mace kusa da shafin da ta rubuta a wannan watan. Ki karɓi takardar mai unguwa ko dagaci mai shaida cewa ajin yana nan da saninsa. Duk wasiƙar da za ki kai ofishi ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ki dawo da ita gida. Wadda kika kai a baya, in ba ki da shaidar karɓarta, ki ɗauka ba a kai ta ba.

Batun satifiket ya fi sauƙi a kan yadda kike zato. Karatun manya mataki-mataki ne. Na farko daidai yake da aji ɗaya zuwa uku na firamare, na biyu aji huɗu zuwa shida, daga nan akwai ajin ci gaba da ke kai mutum ga jarrabawar sakandare. Na ga matan da suka fara daga baƙi da wasali suka kai ga rubuta NECO. Amma sai cibiya tana cikin rajistar hukumar jiha ake kawo mata jarrabawa.

Yanzu kuɗin UBEC. Dokar 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko. Babban kaso daga ciki ana raba wa jihohi, da sharaɗin jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Jihar da ba ta ajiye nata ba, kuɗinta na nan zaune, su ne biliyoyin da kike ji a rediyo. In kuwa jiha ta ɗauka, hannun SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, yake shiga, a gina ajujuwa, a sayi benci, a yi banɗaki da rijiya a makarantun firamare da ƙaramar sakandare. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ita wannan dokar, inda ta bayyana abin da take nufi da ilimin bai-ɗaya, ta ambaci karatun manya da na mata da na almajirai baro-baro. Amma kuɗin da ke sauka jihohi ba ya bi ta hannun hukumomin ilimin manya. A takarda kuna ciki, a wurin rabo ba a kiran sunanku.

Wadda tsarin mulki ya ɗora wa nauyi kusa da ke ita ce ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa ilimin firamare da na manya da na sana'a cikin ayyukan da ƙananan hukumomi ke da hannu a ciki. Sashe na 18 kuma ya ce gwamnati ta yi ƙoƙarin kawar da jahilci ta samar da karatun manya kyauta, sai dai ya ɗaure maganar da cewa a lokacin da hakan zai yiwu, kuma yana cikin babin da ba a kai gwamnati kotu a kansa. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko ya fara aiki a wurinku ko bai fara ba, kina da hujjar tunkarar kansila da ciyaman. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama Naira 70,000, a ce yarinya na koyar da mata talatin a kan 5,000, abin kunya ne gare mu duka.

Ki kula da lokaci. Kasafin shekara mai zuwa ana haɗa shi ne daga tsakiyar shekara zuwa kaka, a kai majalisa dab da ƙarshen shekara. Wanda ya kai buƙata a watan Maris za a ce masa babu a kasafi, kuma gaskiya aka faɗa masa. Ranar 8 ga Satumba ce ranar yaƙi da jahilci ta duniya, hukumomi kan nemi cibiyar da za su kai manyan baƙi. Ki tabbata an san da ke kafin wannan rana.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba. Mahaifina ɗalibin Yaƙi da Jahilci ne na shekarun 1950, lokacin da marigayi Malam Ahmadu Coomassie ke cikin jagororin aikin a Arewa. En'e ce ke ba malamin ƙauye ɗan ladansa, kuma ba a tsaya kan koyar da baƙi ba. Hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, a Zariya tana buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, don wanda ya koya ya samu abin karantawa. Yau wannan ɓangaren ne ya fi mutuwa. Mace ta yi watanni tana koyo, a yi bikin yaye, ta koma gida babu ko ƙyallen takardar Hausa da za ta duba, bayan shekara biyu karatun ya zube. In an tambaye ki buƙatunki, bayan alawus ki saka akwatin littattafan aro, kafin ma fitila.

Ɗan Kafe:

Anti, don girman Allah kada ki tura ko sisi. A kafe nake aiki, kullum ina cike wa mutane fom a intanet, kuma wannan saƙon na gan shi da suna kala-kala: yau tallafin manoma, gobe na zawarawa, jibi na makarantu. In kin biya 15,000 za su dawo su ce saura kuɗin tantancewa, daga nan su nemi BVN ɗinki da lambar da banki ya turo miki. Shafin gwamnati na gaske da gov.ng yake ƙarewa, kuma ba a zuba kuɗin gwamnati a asusun wani mutum mai suna. Ki toshe lambar, ki kuma gargaɗi ɗalibanki.

Maganar CAC, Baba ya fi ni sani, amma a abin da nake gani ba kya buƙatarta don hukumar jiha ta san da ajinki. Inda ake nemanta shi ne in za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya ko ku nemi tallafin ƙungiyoyin waje. Kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Sai kun fitar da amintattu, kun rubuta dokokin ƙungiya, an buga sanarwa a jarida, sannan banki ya nemi lambar haraji da takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, ga rahoton shekara-shekara da in ba ku kai ba tara ke taruwa. Abin da za ki kashe zai biya mataimakanki wata da watanni. Da za ki ji tawa, ki fara da rajistar ƙungiyar mata a ƙaramar hukuma ko ma'aikatar mata ta jiha, ta fi araha nesa ba kusa ba.

Ki kuma sa a duba miki ayyukan mazaɓu. 'Yan majalisa kan saka horar da mata da rabon kayan karatu cikin kasafin tarayya da sunan mazaɓarsu, kuma shafin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana bin sawun irin waɗannan ayyuka. In kin ga an rubuta wani abu na karatun manya a mazaɓarku, ki je ofishin mazaɓa da matanki ki ce ga cibiya a shirye.

'Yan matan nan biyar kuwa, ki tambaya ko jiharku na cikin shirin AGILE na ilimin 'yan mata. Bashin Bankin Duniya ne, dala miliyan 500 a 2020 ga jihohi bakwai, ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, aka ƙara dala miliyan 700 a 2023 wasu jihohin suka shigo, tare da ɓangaren mayar da 'yan matan da suka bar makaranta. Shekarunsu na komawa aji ne, bai kamata su tsaya a na manya ba.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum 'yan uwa na Nijeriya. Malama, barka da aiki. Daga jihar Maraɗi nike rubutu. Na yi shekaru ina malamin yaƙi da jahilci a karkara, kuma irin tallafin da kike nema mu mun gan shi, shi ya sa na ce bari in ba ki labarin daɗinsa da ɗacinsa.

Nan Nijar an yi aiki da tsarin da ake ce ma faire-faire. Gwamnati da masu ba da tallafi na waje su kawo kuɗi, a kira ƙungiyoyi su kawo takardun neman aiki, wadda ta ci a sa hannu da ita kan kwangila: cibiya kaza, ɗalibai kaza, wata kaza. Ma'aikatan gwamnati su bi sawu su yi jarrabawa. Senegal ta fara shi cikin shekarun 1990, Burkina Faso ta kafa mashi asusu na musamman a 2002, mu kuma anka sa shi cikin shirin ilimi na shekara goma da ya fara a 2003.

Daɗinsa, kuɗi na isowa ƙasa. Cibiyar da na riƙe an ba mu allo, alli, fitila, littafi ga kowace mace, ni kuma ana ba ni abin da ya sawwaƙa ƙarshen wata. A buɗe bayan girbi mutane sun samu sarari, a rufe kafin ruwan shuka.

Ɗacinsa kuwa, kuɗin kashi-kashi yake zuwa, kashin ƙarshe sai an kai rahoto an amince, malami ya yi ta aiki yana cin bashi. Sannan ƙungiyoyi sunka tsiro waɗanda ofishinsu duka cikin jakar mutum guda yake, sun iya rubuta takarda da Faransanci amma ba su taɓa riƙe alli ba, su ci kwangila, masu aikin gaske irinki su zama 'yan ƙwadagonsu. Mafi ciwo shi ne abin da ya samu garin da na koyar. Kafin tallafi ya zo mata na tara ɗan abin da za su sayi kananzir da alli. Da komai ya zama kyauta sunka daina. Ranar da kwangila ta ƙare anka ce su koma tarawa, sai sunka ce ai gwamnati ce mai lekol, wato makaranta, ta zo ta biya. Cibiya ta mutu, alhali ta girmi tallafin.

Saboda haka Naira 100 ɗin nan taki, ko an ba ki miliyan kada ki soke ta. Ki ma ƙarfafa ta. Nan Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991: mata su zuba kuɗi kowane mako cikin akwati mai makulli, su ranta ma junansu su ja jari, a raba in zagaye ya cika. Cibiyoyin da na ga sun rayu bayan tafiyar masu tallafi, galibi waɗanda ke haɗe da irin wannan asusun ne. Mace za ta iya fashin karatu, amma ba ta fashin ranar zubi, kuma kowace na son ta iya duba littafin asusu da kanta ta ga nata.

Hajiya Babba:

Malama 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ni dai ra'ayina ya sha bamban da na mazan nan. Mun yi aji irin naki a bayan gidana, muna tafiya lafiya lau da abin da Allah ya hore. Da wani mai neman kujera ya ji labari sai ga motoci, aka kafa allo da hotonsa a ƙofa, aka raba atamfa, aka ɗauki hotuna. Ba a daɗe ba aka turo mana malamai biyu da ba mu san su ba, 'ya'yan magoya baya, aka ce namu su koma gefe. Waɗanda aka turo ba a ganinsu sai ƙarshen wata. Mazajen da ke ɗaya jam'iyyar suka hana matansu zuwa. Aji ya watse ina ji ina gani. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Naira 10,000 fa kike nema a wata, ba miliyan ba. Duk unguwarku babu ɗan kasuwa ɗaya mai tsoron Allah da zai ɗauki wannan ya mayar da shi sadaka mai gudana ga iyayensa? Ki sa maigidanki ya samu liman ya yi magana ranar Juma'a. Ki nemi matan FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi, na garinku, tun 1985 suke wannan hidima, sun san hanyoyi. Nana Asma'u da ta kai wa matan ƙauye karatu ta hannun ƙungiyar matan da ta kafa, 'Yan Taru, ba ta jira kasafin kowa ba.

Malamar Zaure:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗan Kafe, na toshe lambar, kuma da na faɗa a aji sai ga mata biyu sun nuna mini irin saƙon a wayoyinsu. Malam na Maraɗi, maganar zubi ta shige ni, za mu zauna da matan mu ga yadda za a mayar da shi asusu mai littafi, su riƙe da kansu.

Hajiya, ina ganin girmanki, kuma abin da ya samu ajinku ya tsorata ni. Na yi miki alƙawari hoton ɗan siyasa ba zai hau ƙofar zauren nan ba. Wurin liman ma za a je. Amma ki yi mini afuwa a kan abu ɗaya. Nana Asma'u 'yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi Bello, matar Waziri Giɗaɗo. Jaji, wato malamar da ta ɗora wa malfa ta tura ƙauye, da ƙarfin daula a bayanta ta fita. Matan nan da ke zaune a tabarmata ana yanka musu rasit a kasuwa, ranar zaɓe layinsu ya fi na kowa tsawo cikin rana. Da aka hana su makaranta suna yara ba wanda ya yi shawara da su. Ban ga dalilin da zai sa allinsu da alawus ɗin malamarsu su dogara ga tausayin ɗan kasuwa kaɗai ba, alhali akwai kasafi. Sadaka in ta zo da hannu biyu zan karɓa, amma ɗan kasuwa ba shi da satifiket da zai ba su.

Baba Tsohon Jami'i, saura tambaya biyu. In aka saka mu a rajista, ba za a ce mataimakana ba su da NCE a kawo wasu ba? Su ne suka sha wahalar tun farko, kuma matan sun saba da su. Sannan ina da mata bakwai da ke karanta ajami sarai, boko ne ba su iya ba. Wane mataki zan rubuta musu?

Tsohon Jami'i:

Malama, a takarda mai NCE aka fi so, amma a ƙauyuka da yawa da masu sakandare muka yi aiki aka ba su horo. Ki rubuta sunayensu cikin wasiƙar a matsayin malaman cibiya, kuma abin da za ki nema ki fayyace shi: horo da alawus ga waɗannan biyun, ba a turo sababbi ba. Mai unguwa ya sa hannu a ƙarƙashi. In akwai hali ki sa su shiga karatun NCE na cibiyar horar da malamai ta NTI mai hedikwata a Kaduna, ƙarshen mako ake yi, ba zai taɓa ajinki ba. Wadda ke son tafiya shagon magani, ki faɗa mata wannan shirin kafin ta ba su amsa.

Masu ajami kada ki haɗa su da masu farawa, za su gaji su daina zuwa. Sun riga sun san yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da kalma, siffar haruffa ce kawai sabuwa gare su da kuma fara rubutu daga hagu. Ki ware musu gefe guda, ki rubuta a rajista cewa suna karatu da rubutu da ajami, ki nemi jami'in ya gwada su daban. Irinsu na sha ganin sun gama matakin farko cikin rabin lokacin sauran.

Ranar zuwa ofishi ki zaɓi Litinin ko Talata da safe. Ki tafi da rajista, da kwafi biyu na wasiƙa, da wakilin mai unguwa, da ɗalibai biyu ɗauke da littattafansu. In kin dawo ki sanar da mu abin da aka ce, sai mu ga ta inda za a ɓullo wa ciyaman kafin a rufe kasafi.